Wayar Da Na Sa Aka Yanke

A shekarar da abin nan ya faru, ni direban a-kori-kura ne ɗan shekara talatin da takwas, haifaffen Agege, mai mata ɗaya da 'ya'ya uku, kuma mai baki. Na faɗi wannan na ƙarshen da kaina ne, domin ko na ɓoye, duk wanda ya san ni zai tona. Fataucin goro ne ya kawo mahaifina Legas, ni kuwa a nan na buɗe ido, Yarbanci a bakina kamar ruwa, ina kallon duk wanda ya sauko daga tirela da jakarsa a matsayin baƙauye. Sana'ata ɗaya ce. Kullum bayan sallar asuba in nufi kasuwar Mile 12, a loda mini kwandunan tumatir da attaruhu da buhunan albasa, in rarraba wa matan da ke kasa su a kasuwannin Agege da Ogba, in koma in ɗauko wani sawun. Malam Edita, na daɗe ina karanta shafin nan ina girgiza kai a kan kuskuren mutane. Yau ga ni da nawa, ya ishe ni a ciki.

Tsohuwar motata ta yi mini bauta shekara goma sha ɗaya, ga hayaƙi ga tari, in ta taso daga bakin titi sai kowa ya san ta taso. Da man fetur ya yi tashin gwauron zabi, sai na lura ashe ni da ita duk gidan mai muke yi wa aiki. Ana cikin haka wani Alhaji mai shigo da kaya ya kawo waɗansu ƙananan a-kori-kura 'yan tokumbo, wato na hannu daga waje, masu aiki da lantarki, ba tanki ba salansa, sai dai a jona su da wuta kamar wayar hannu. Aka zaga da ni a ɗaya, na sauko ban ƙara ganin tsohuwar motata da gashi ba. Abokan aikina direbobi suka yi ta ja mini kunne. Wani ya tambaye ni a ina zan riƙa cajinta a unguwar da ake ɗauke wuta kwana biyu ba labari, wani ya tambaya wane bakanike ne ya taɓa buɗe cikinta. Na ce musu su zauna nan, zamani ya wuce su. Na sayar da tsohuwar, na haɗa da wani ɗan fili da na gada a Arewa wanda ko ganinsa ban taɓa yi ba, na hau sabuwa ina hura hanci.

Don Allah kada a ce na zo ɓata motar ne. Tana da daɗin tuƙi, in ka taka ta tashi nan take, ba canjin giya, ba warin mai, ba zuwa juyen baƙin mai. A gosulon Ojota, inda da nake jin mai yana ƙonewa har cikin raina, sai in zauna hankali kwance ina jin rediyo. Amma abin da ba a gaya mini ba shi ne tafiyar da take yi ba kaya daban, wadda take yi da kwando ashirin a bayanta daban. Sawu biyu, batir ya sauko. Wurin caji mai sauri sai can wajen Ikeja, ga layi. Ranar da babu wuta a gida kuwa sai in tayar da janareto in jona ta, maƙwabta suna leƙe suna dariya, wai ga mai gudun fetur yana shayar da motarsa fetur ta bayan gida. Haka na koma mutum mai kallon allon batir fiye da titi, kullum cikin sauri, kullum cikin fargabar kada ta mutu mini a tsakiyar hanya in zama abin nuni.

Motar ba ta da ƙarar inji ko kaɗan, shi ya sa waɗanda suka ƙera ta suka sa mata wani ɗan kuka. In tana tafiya a hankali sai ta riƙa wani gurnani siriri, in ka sa ribas kuma ta kama tsuwa. Wannan kukan ne ya zama abin tsokanata a kasuwa. Da na shigo sai 'yan dako su kama kwaikwayonsa da baki, matan Yarbawa su ce ga oga mai motar aljanu ya iso, direbobi kuma suka raɗa mini Mai Kyanwa. Ni da na saba ni nake tsokanar mutane, abin ya tsaya mini a rai. Wata Juma'a da yamma na kai ta wurin wani mai rewaya, wato mai gyaran wayoyin wutar mota, a bayan layin dogo, na ce ya nemo wayar kukan nan ya yanke. Bayerabe ne dattijo, ya ɗago kai daga ƙarƙashin sitiyari ya dube ni, ya ce ai wannan ba ado ba ne, don mutanen da ke tafiya a ƙasa aka sa shi. Na ce motata ce ko tasa? Ya ɗaga kafaɗa ya yanke, ya naɗe bakin wayar da salatif. Na fito tana sulalewa shiru, ina jin kaina kamar wani gwamna.

Ba a yi mako ba sarkin 'yan dako na sashenmu ya aiko a kira ni. Dattijo ne da ya yi dako tun ina cikin zanin goyo, ya kuma san mahaifina. Ya zaunar da ni a rumfarsa, ya kira ni ɗansa, ya ce akwai abin da direba ba ya sani don bai taɓa ɗaukar kaya a ka ba. Mutumin da aka ɗora wa kwandon tumatir ba ya iya waiwaye, in ya juya wuya kwatsam, ko kayan su zube ko wuyan ya tafi. Gabansa kawai yake gani, gefe da baya kuwa kunne ne ke yi masa aiki. Da jin ƙarar inji yake sanin tirela ce ko bas ɗin danfo ko okada, da nisanta, da inda ta dosa, ya kauce ba tare da ya duba ba. Ya ce tun da motata ta yi shiru mutanensa biyu suka kawo masa ƙara, sai dai su ji ƙarfe ya goge su. Ya roƙe ni in mayar mata da kukanta. Na ce to Baba, in sha Allahu gobe. Bayan kwana biyu da muka haɗu ya tambaya, na ce an gyara. Na yi kunnen uwar shegu na ci gaba da harkata.

A cikin masu yi mini lodi akwai wani ɗan ci-rani, magidanci ne da zai kai shekara arba'in da 'yan kai, daga wani ƙauye can ƙasar Katsina. Ba ya cikin masu kwaikwayon kukan motata, ba shi da surutu, in ya ce maka sannu oga direba to ya gama hirar ranar. Abu ɗaya ne ke buɗe bakinsa, gona. Shekara tara ke nan yana zuwa Legas da an gama girbi, ya koma kafin ruwan shuka, ko da kuwa a lokacin ne dako ya fi tsada. Ya taɓa gaya mini, muna jiran a sauke wata tirela, cewa gonarsa gado ce, shi kaɗai ne namiji babba a gidan, 'ya'yansa mata ne ƙanana, ga tsohuwarsa. Gero da wake da zai noma su ne cin gidan na shekara, abin da ya samu a Legas na taki ne da sutura. Ya ce tun da ya yi wayo damina ba ta taɓa faɗuwa ba ya gida ba. A lokacin saura kamar wata biyu ya tafi.

Ranar wata Talata ce da hantsi. Na yi sawu ɗaya na dawo, batir ya yi ƙasa, ina so in cika lodi in ruga Ikeja kafin layin caji ya yi tsawo. An riga an jera mini kwanduna sun rufe gilashin baya, saura biyar da ke jikin wata tirela a bayana. Maimakon in jira a kawo, sai na sa ribas na nufi tirelar a cikin wani lungu matsattse, ƙasa duk caɓin ruɓaɓɓen tumatir. Ban danna hon ba, ban sa kowa ya duba mini ba. Na ji tayar baya ta hau wani abu, na ɗauka dutse ne, har na ƙara taka ta kaɗan. Sai salati ya tashi ta ko'ina, ana dukan jikin motar. Na fito na sami ɗan ci-ranin nan a ƙasa, ƙafarsa ta dama a ƙarƙashin taya, kwandon da ya ɗauko mini ya tarwatse. Ya fito ne daga tsakanin tirela biyu da kaya a ka, bai ji komai ba, domin babu abin ji. Motar nan ga nauyin batir ga lodi, sai da mutum kusan goma suka ɗaga ta aka zaro shi. Wallahi ban manta ba, abin da ya fara faɗa da ya samu numfashi shi ne a tsince tumatir ɗin mutane kada a tattake.

Nan na yi kuskure na biyu, kuma da idona buɗe na yi shi. Wasu suka ce a kai shi asibiti, ni kuwa na san asibiti za su nemi takardar 'yan sanda, 'yan sanda kuma za su tsare motar su binciki lafiyarta. Sai na ce ai ɗorin gargajiya ya fi sauri, akwai gwani a Agege. Shi ma da ya ji an ce sauri, ya amince, tambayarsa kawai ko zai taka kafin damina. Mai ɗorin, Allah ya saka masa, ya shafa ƙafar ya ce karayar ba ɗaya ba ce, ƙashin ya daddatse, gara a fara ɗauko hoto a asibiti. Na ja shi gefe na ce ya yi aikinsa kawai, Allah ne mai warkarwa. Ya ɗaure ƙafar da karare ya ce a ba shi kwana arba'in a gani. Daga nan ban zarce gida ba. Kafin magariba ina wurin mai rewaya, na ce ya mayar da wayar nan yadda take. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya haɗa.

Washegari bayan la'asar aka zauna a rumfar sarkin 'yan dako, yadda muka saba kashe maganarmu a cikin gida ba sai ta kai ga hukuma ba. Akwai dattawan kasuwa, akwai mutanen ƙauyensu su huɗu. Sarki ya tambaye ni a gaban kowa ko motar tana da kukanta jiya. Na shafa wa idona toka na ce tana da shi, ai tun da ya yi mini magana na gyara. Aka ce a gwada. Na shiga na sa ribas, ta kama tsuwa har masu wucewa suna juyowa. Dattawa suka dubi juna, aka ce to tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, ga hayaniyar kasuwa, wataƙila bawan Allah bai ji ba. Aka yanke cewa in kula da jinyarsa da cinsa, aka ma yaba mini da na ce ya zauna a shagon ƙofar gidana. Aka shafa fatiha. Da aka kai masa labari yana kwance, sai ya ce lallai kunnensa ne ya fara tafiya, ya aiko a ba ni haƙuri, wai ya ja mini asara da tsayawar aiki.

Kwana arba'in ɗin nan ban san na taɓa shiga azaba irinta ba, alhali ni lafiyata ƙalau. Kullum in fita in wuce shi a kan tabarma, ya ɗaga hannu ya ce a dawo lafiya oga direba, Allah ya saka da alheri. Wayarsa na gefen kansa, kowace yamma sai ya kira gida ya tambayi yadda sama take. Mutanen ƙauyensu suka fara zuwa sallama ɗaya bayan ɗaya, kowa da jakarsa da buhun tsarabarsa, za su Iddo su hau mota. Yana ba su saƙo, a gaya wa tsohuwa yana nan tafe, a fitar da iri a shanya, kada a ba kowa aron gonar. Da aka kwance ɗori ya yunƙura zai taka, sai ya zube. Ƙafar ta kumbura ta karkace, ga wani ruwa yana fita. A ranar na ɗauke shi zuwa asibitin ƙashi, abin da ya kamata in yi tun farko. Likita ya ɗaga hoton ya duba, ya ce ƙashin ya haɗe a karkace kuma ya fara ruɓa, sai an sake karya shi an sa ƙarfe, ya yi wata huɗu ko biyar bai taka ba. Ya tambaya wane ne ya hana a kawo shi tun ranar farko. Na sunkuyar da kai, shi kuwa mara lafiyar ya ce shi ne ya zaɓi ɗori.

Kwana uku bayan an yi aikin, matarsa ta kira ta ce an yi ruwan shuka, gari duk ya fita gona. Ina zaune a gefen gadon. Ya ajiye wayar a ƙirjinsa, hawaye suna gangarowa cikin kunnuwansa. Da na koma gida na kasa cin abinci. Maiɗakina, wadda ita ce take dafa masa tun ranar farko, ta zauna kusa da ni tana ba ni labari don ta ɗauke mini hankali. Ta ce bawan Allahn nan yana ba ta tausayi, lokacin da yake shago sau da yawa yakan roƙe ta, Hajiya don Allah ki koma bayana ki yi magana a hankali in ji ko zan ji. Har man zaitun ya sa aka sayo masa yana ɗigawa a kunne safe da yamma. Ya gaya mata ƙafa ko ta warke, ɗan dakon da ba ya ji ya gama yawo. Nan na fashe da kuka kamar ƙaramin yaro, na gaya mata komai. Ta ce ita ba za ta tona mini asiri ba, amma ba za ta ƙara kai masa abinci tana kallon idonsa ba sai na je na faɗa masa da bakina.

Da safe na je. Na durƙusa a gaban gadon, a gaban sauran majinyata, na faɗa masa tun daga yanke wayar, da gargaɗin sarki, da dalilin da ya sa na hana a kai shi asibiti, da mayar da wayar da na yi a ɓoye. Ya sa na maimaita masa wurin da na ce motar ba ta yi kuka ba a ranar. Na maimaita. Ya ce alhamdu lillahi, ashe kunnensa lafiya lau. Can ya ce taya ya yafe, don ba da gangan na taka shi ba. Ƙafa ma ya yafe, abin da Allah ya rubuta ne. Amma kwana arba'in ɗin da na bar shi a kan tabarma yana lissafin ranar tafiya, alhali mai ɗori ya gaya mini gaskiya, da tsayuwar da na yi gaban dattawa na ɗora masa laifi, wannan in ɗan saurara masa tukuna, zuciyarsa ba ta kai can ba. Bai ɗaga murya ba, kuma tun daga ranar bai sake kirana oga direba ba, sai dai Malam. Daga asibitin na wuce rumfar sarki na faɗa masa shi ma. Tsohon bai zage ni ba, ya ce dai ya gode Allah da mahaifina bai ga wannan rana ba, ya hana ni shiga sashen da motar har tsawon wata uku.

Sai bayan girbi ya tafi gida, da sanda, ƙafar dama ta gajarce. Wani ɗan uwansu ya yafa ɗan gero a gefen gonar a makare, bai yi abin kirki ba. Ban daina aika abin da ya sawwaƙa ba, yana karɓa ya yi godiya, amma na san mutumin da ya saba buɗe rumbunsa ba abin da yake so ke nan ba. Motar tana nan, kukanta yana nan, ina ɗan gajeren zango da ita ranar da aka samu wuta. In wani direba ya tambaye ni ko ya sayi irinta, nakan ce ya fara duba inda zai yi caji, da nauyin kayan da yake ɗauka, da nisan da yake zuwa, in lissafin bai fita ba kada kwalliya ta ruɗe shi. In kuma ya saya, to ya sani ya sayi abin da ba a jin zuwansa, a garin da rabin mutanensa a ƙasa suke da kaya a ka. Duk abin da ya tarar an sa mata, ko yana ba shi kunya, ya bar shi. Kuma 'yan uwana, in tsautsayi ya afka ta hannunku, ku kai mutum asibiti, ku faɗi gaskiya tun tana da amfani. Tawa gaskiyar ta zo ne bayan an gama shuka.

Ina kiransa lokaci lokaci, mu gaisa, in tambayi tsohuwa da yara, ya tambayi Hajiya. Maganar da ya ce in saurara masa ban sake tayar da ita ba, shi ma bai tayar ba, ina nan ina jira. Mai karatu, in ka yi sallah ka sa shi a addu'a kafin ka sa ni. Shekaranjiya na kira, na ji ƙarar ruwa a kan kwano ta cikin wayar, na ce masa ashe damina ta sauka. Ya ce ta sauka Malam, tun jiya ake shuka. Na tambaye shi gona fa. Ya ce ya ba wani aro, shi yana zaure yana gadin awaki.